Yaƙin Malam Haladu da Gidajen Imel Uku

Da sunan Allah mai ɗaukaka wanda ya so muke buɗe wannan tarihi, domin 'yan baya su san irin mazan da ƙasa ta taɓa ɗauka. Wannan shi ne labarin sadauki ɗan sadaukai, Malam Haladu ɗan Sallau, Sallau ɗan Barmo wanda ya taɓa korar garken birai daga gonar gero da tari kawai, Barmo ɗan Nalado mai babban rawani, wanda ruwayoyi suka tabbatar shi ne ya fara kawo irin albasa garin Gangaren Kuka a cikin hularsa, ko da yake mutanen Tudun Makera, maƙwabtan da ba su taɓa jin alheri ya sauka gidan wani sun yi barci mai daɗi ba, suna cewa satowa ya yi daga fadamarsu. Daga wannan tsatso mai albarka Haladu ya fito, tsohon malamin gona mai ritaya, garkuwar fadama, dodon tsutsar ganye, mai biro jere a aljihu ko da rabinsu ba sa rubutu, Sakataren Ƙungiyar Manoman Albasa ta Gangaren Kuka, kuma mutum ɗaya tak a cikin ƙungiyar da Allah ya mallaka wa babbar waya mai shafawa da yatsa.

Amma bayan haka, musabbabin yaƙin shi ne ruɓewa. Kowace shekara mutanen Gangaren Kuka suna cire albasa mai ƙoshi, su jibge ta a rumfunan kara da ɗakunan kwana suna jiran kasuwa ta yi kyau, kuma kowace shekara zafin bazara da danshin farkon damina su riga kasuwar isowa. Sai garin ya ɗauki wani wari wanda baƙo ke ji tun daga gada. A wannan hali ne shugaban ƙungiya, Alhaji Nomau, dattijo mai gajeren zance da doguwar fushi, ya dawo daga birni da bushara: wata ƙungiyar tallafa wa manoma za ta gina rumbun albasa na zamani, mai iska ta ƙasa da ta sama, guda ɗaya a duk yankin. Garin da ya aika takardunsa da hotunan fadamarsa ta imel kafin Juma'ar ƙarshen wata zai shiga sahu. An ba shi adireshin jami'ar da ke karɓa, wata Malama Zinatu. Kuma ya ji a tasha cewa Tudun Makera ma suna nema.

Alhaji Nomau ya miƙa wa Haladu adireshin a gaban jama'a.

"Malam, ga shi. Takardu suna wayarka, hotuna suna wayarka. In rumbun nan ya tafi Tudun Makera, jakar sakatare ta bar hannunka."

Malam Haladu ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya dubi gabas ya dubi yamma kamar mai ƙidayar rundunar abokan gaba, ya ce kafin rana ta faɗi sau da yawa za a ji labari. An kuwa ji.

Ƙaramin mutum, wanda bai gaji komai ba, da ya koma gida ya tura takardun ya ci tuwonsa. Amma zuriyar Nalado ba ta shiga fage da ka. Malam Haladu ya fara da ilimi. Ya zauna gindin kukar da garin ya samo suna, ya tara duk wanda bai da abin yi, ya yi musu bayani mai zurfi a kan daulolin imel. Ya ce gidaje ne manya, kowanne da ganuwarsa da 'yan aikensa, kuma kowanne yana da ɗan tambarin da ke zaune a fuskar waya, wanda ake kira manhaja. A fahimtarsa mai kaifi, wadda bai taɓa barin kowa ya gurɓata masa da tambaya ba, tambarin nan shi ne gidan kansa, da ɗakunansa da akwatunansa da duk abin da ke ciki, an dunƙule shi ya zama kamar ƙwayar wake. Ya ce akwai wata manhajar ma da ke tattaro saƙonnin gidaje daban-daban wuri ɗaya, amma wannan dillaliya ce, kuma shi ya san dillalai tun a kasuwar albasa, ba zai ba su amanar ko ɓawo ba. Ya yi alkawarin gwada gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da zakara, domin takardun Gangaren Kuka ba za su hau jakin kowa ba sai ingarma.

Sai dai akwai wani ginshiƙi da dukan dabarun yaƙinsa suka tsaya a kai, kuma wajibi ne mai karatu ya san shi. Malam Haladu mutum ne mai tarbiyya. Tun yana ƙarami Sallau ya koya masa, da baki da kuma tsumagiya, cewa ba a faɗa wa gidan mutane da buƙata a hannu. Sallama ake yi, a tsaya bakin zaure. In an amsa a shiga, a gaisa, a tambayi iyali da aiki da gajiya, sai mai gida ya ce lafiya dai, sannan a fito da abin da ya kawo mutum. In an yi sallama sau uku ba a amsa ba, a juya da mutunci. Bai ga dalilin da zai sa ƙofar Malama Zinatu ta fita daga wannan doka don kawai an yi ta da wutar lantarki ba.

Matarsa Hurera, wadda ta daɗe da sanin inda jarumtar mijinta ke ƙarewa, tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa a tsakar gida lokacin da ya bayyana mata tsarin.

"Malam, ka haɗa sallamar da takardun mana gaba ɗaya, ka huta mu huta."

"Matar da ban taɓa gani ba? In cusa mata takardu a fuska ko ina kwana babu? Ni ɗan Sallau ne, Hurera."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta jefa wata albasar cikin kwandon zubarwa.

Da hantsi ya yi, sadauki ya ɗaura ɗamara. Ya cika waya da caji a shagon mai janareto, ya sa mata data, ya goge tabarau da bakin riga, ya rataya jakar sakatare, ya ɗauki buta da laima, ya nufi tudun makarantar firamare, domin nan ne kaɗai a duk faɗin Gangaren Kuka sabis ke yarda ya sauko, shi ma sai an ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Awaki suka dare masa hanya. Kaji suka watse. Masu ruwaya sun ce har iska ta tsaya cik, ko da yake a watan nan dama ba ta cika motsi ba.

Daula ta farko da ya fuskanta ita ce wadda yake kira Tsohon Gida, adireshin da aka buɗe masa a wani shagon kwamfuta a birni zamanin yana aiki, lokacin da ma'aikata ta ce kowa sai ya mallaki imel ko da bai san amfaninsa ba. Manhajar gidan tana wayarsa, bai taɓa leƙa ta ba. Ya isa ƙofa, mai gadi ya nemi kalmar sirri. A nan aka yi ɗauki-ba-daɗi wanda tarihi ba zai manta ba. Ya jefa sunan ɗansa na fari, aka mayar masa. Ya jefa sunan Hurera, aka mayar masa da ja. Ya jefa sunan kakansa Barmo da dukan kwarjininsa, ganuwa ba ta ko girgiza ba. Gumi ya karyo masa, ya yi tawakkali, ya tuno lambar tsohuwar wayarsa da ta faɗa rijiya, ya harba ta, sai ga ƙofa ta buɗe.

"Fatahu! An ci gari!" Muryarsa ta kai har ajin 'yan firamare, malaminsu ya leƙo ya koma.

A ciki ya tarar da dubban saƙonni jibge, ba wanda ya taɓa buɗewa. Akwai masu tallar agogo, akwai masu maganin sanƙo, akwai zawarawan attajirai daga ƙasashe masu nisa waɗanda suka rasa magaji a duk duniya sai shi. Ya lura, kuma ya yaba, cewa waɗannan bayin Allah duk da ƙaryarsu suna fara magana da gaisuwa. Sannan ya buɗe sabon shafi, ya shigar da adireshin Malama Zinatu harafi bayan harafi, ya rubuta da yatsa ɗaya mai nauyin takobi: Salamu alaikum. Ya tura. Ya buɗe laima, ya zauna, ya zuba wa waya ido.

Ya jira har azahar. Ya yi salla a kan tudun, wayar tana gefen buzu. Ya jira har la'asar. Babu bawan Allahn da zai tsaya ƙofar gidan mutane daga hantsi har la'asar in ba mai haƙurin annabawa ba, kuma shi ya tsaya. Da shiru ya tabbata, ya yanke hukunci da basira: matar ba ta da laifi tukuna, gidan ne ya tsufa, 'yan aikensa sun rame, ƙila ma wanda ya ɗauki sallamar ya tsaya hutawa a hanya ya mutu. Ya ɗora yatsa a kan tambarin ya danne, ya ci gaba da dannewa har tambarin ya kama makyarkyata don tsoro. Waya ta tambaye shi ko da gaske yake. Ya ce da gaske yake. Tsohon Gida ya ɓace daga doron ƙasa, da agogunansa da zawarawansa, sadauki ya gangaro tudu da yamma yana tafiyar wanda ya rushe birni.

Daula ta biyu ita ce Gidan Ja. Wannan adireshi mai shagon da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe masa ba tare da ya tambaye shi ba, kamar yadda yake wa duk mai sayen waya, ya liƙa wa sunansa wasu lambobi a wutsiya waɗanda babu su a nasabarsa. Malam Haladu ya yarda cewa gidan nan ya fi na jiya tsabta. Ba ya neman kalmar sirri, ɗakunansa a share suke, kuma ya ware wa masu talla wani lungu can baya inda ya dace da su. Amma yana da wani hali da ba a so ga yaro balle ga gida: katsalandan. Da ya fara rubutu, sai manhajar ta riƙa ƙarasa masa magana da Turanci, tana gyara masa kalmomi zuwa abin da bai ce ba, har sai da ya fafata da ita a kan kowane harafi kafin sallamarsa ta tsaya da ƙafafunta. Da ya zo turawa kuma, sai ta tare shi da tambaya, wai saƙon ba shi da take, ba a faɗi abin da ya ƙunsa ba, a tura shi haka?

Ran maza ya ɓaci. Wato tun bai gaisa da masu gida ba, ɗan aike na tambayarsa me ya kawo shi. Ya danna a tura haka, da ƙarfin da ya kusa tsaga gilashi.

Aka sake zaman laima. Rana ta yi masa abin da ta saba yi wa albasa. La'asar ta yi, shiru. Ya ɗora yatsan hukunci a kan tambarin Gidan Ja, sai ya gamu da abin da bai zata ba: wannan manhaja da wayar aka haife ta, ta ƙi goguwa. Sadauki bai karaya ba. Ya kutsa cikin hanjin wayar, ya bi lungu ya bi saƙo, har ya gano inda ake kashe ta, ya kashe ta, ya toshe mata baki kada ta ƙara ko tari, tambarinta ya ɓace daga fuskar waya. A gindin kuka ya shaida wa jama'a cewa sarkin Gidan Ja ya ƙi mutuwa, don haka ya sa shi a mari, ya jefa makullin a kogi.

Kafin ya shirya wa daula ta uku, kwanaki sun tafi, domin mayaƙi yana buƙatar hutu, kuma akwai jama'a masu jiran sharhi. Sai ranar Alhamis, jajiberin Juma'ar da aka ɗiba, ya sake hawa tudu. Wannan karon sabon gida ya nufa, wanda ya ji ana yabo a rediyo cewa ba ya tona asirin kowa, shi kuma ya raɗa masa Gidan Sirri. Sai an sauko da manhajarsa, wayar kuwa ta ce cikinta ya cika, ba masaka tsinke. A nan aka yi asarar rayuka mafi muni a dukan yaƙin. Wa'azin malamai ya faɗi sahu-sahu. Hotunan sunan jikansa suka yi shahada. Bidiyon bikin 'yar ƙanwar Hurera, wanda take kallo duk ranar da ta samu wayar, ya tafi bai bar wasiyya ba. Takardun rumbu da hotunan fadama kaɗai ya kare da ƙirjinsa, domin su ne amanar da za a miƙa idan an amsa sallama.

A ƙofar Gidan Sirri aka yi masa cin mutuncin da ba a taɓa yi wa jinin Nalado ba. Aka ce ya tabbatar shi mutum ne, ba mutum-mutumi ba. Shi, da aka yanka wa rago, da liman ya raɗa wa suna, da gwamnati ta ba takardar ritaya mai hatimi. Aka jero masa hotuna, aka ce ya nuna duk inda danja, fitilar ba motoci hannu, take, alhali daga Gangaren Kuka har inda motar kasuwa ke juyawa babu danja ko ta magani. Ya nuna, aka ce ya kuskure. Aka kawo masa kekuna. Aka kawo masa gadoji. Ya haɗiye fushi, ya yi ta nunawa har Gidan Sirri ya gamsu cewa ɗan Adam ne, ya buɗe masa. Ciki fayau, ba talla, ba zawara, ba mai ƙarasa masa magana. Ya ce lallai wannan gidan manya ne. Ya rubuta sallama ta uku, ya tura.

Yana zaune ƙarƙashin laima sai ga Alhaji Nomau ya hauro tudun yana haki, carbi a hannu.

"Malam Haladu, gobe Juma'a. An tura?"

"An tura, Alhaji. Sau uku ma."

"Alhamdu lillahi. Har da hotunan?"

"Ba mu kai nan ba tukuna. Ana bin matakai."

Alhaji Nomau bai san imel ba, bai kuma so a gane bai sani ba. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya taimaka, ya gangara.

La'asar ta yi, shiru ya cika sau uku. Malam Haladu ya miƙe, ya naɗe laima, ya danne tambarin Gidan Sirri har ya yi makyarkyatar da ɗan'uwansa ya yi, ya aika shi inda ya aika na farko. Da yamma ya tsaya gindin kuka ya karanta wa jama'a sakamakon bincike: Tsohon Gida ƙazami ne amma yana da fara'a, Gidan Ja mai tsabta ne amma ba shi da kunya, Gidan Sirri mai kamun kai ne amma yana zagin iyaye a bakin ƙofa, kuma dukansu ukun ba su iya isar da sallama ba. In kuwa sun isar, to matar ce ba ta da tarbiyya, kuma Gangaren Kuka ba ta roƙon wanda ba ya amsa sallama. Ya yi uku, shari'a ta sauke masa, ya juyo da mutuncin gari a kafaɗarsa. Wasu suka ce haka ne. Wasu suka tsaya shaƙar iskar da ke fitowa daga rumfunansu. Alhaji Nomau ya dube shi tsawon lokaci, ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira ba. Juma'a ta zo ta wuce.

Gaskiya ita ce abin ya yi wa Malam Haladu ciwo, domin yana son garin nan, kuma albasarsa ma ba ta san shi sadauki ba ne. Ta ruɓe tare da ta kowa. Yakan tsaya bakin ƙofa ya ga Hurera tana fitar da kwando bayan kwando, ba ta ce masa komai a kan rumbu ba, ba ta ce komai a kan bidiyon biki ba, wannan shirun kuwa ya fi masa na Malama Zinatu nauyi. Sai ya koma gindin kuka ya ƙara wa sharhinsa tsawo.

Da kaka ta yi aka aiko goron gayyata daga Tudun Makera, a zo a taya su murnar buɗe rumbu. An aiko shi da yawa, da gangan. Mutanen Gangaren Kuka suka sa manyan riguna suka tafi, domin ƙin zuwa ya fi zuwa zafi. Suka tarar da gini dogo mai rufin kwano da tagogin raga, iska na ratsa shi tana fita ba wari. Aka ba su kujerun gaba don kada wani abu ya tsere wa idonsu. Bayan jawabai aka zo gabatar da baƙi ga jami'ar da ta zo daga birni, wata mace matsakaiciya mai farin tabarau, aka iso kan sadauki, mai gabatarwa ya ambaci sunansa da na garinsa.

Matar ta tsaya.

"Malam Haladu Sallau? Na Gangaren Kuka?" Ta ɗan rusuna. "Wa alaikumus salam, Baba. Wannan ta huɗu ke nan."

Malam Haladu ya gyara tabarau. "Ban gane ba, Hajiya."

"Ai ni ce Zinatu. Sallamarka ta zo mini daga adireshi uku daban-daban. Mu sai da safe muke duba saƙo, in mun fita karkara kuwa sai washegari. Kowacce na amsa, na ce Baba aiko da takardun, lokaci na tafiya. Ta ƙarshen ma ranar Juma'a da safe na amsa, na zauna ofis har aka tashi ina jiranka. Fadamarku ta fi ta nan girma, kowa ya sani."

Ta ciro wayarta ta nuna. Ga su nan jere, sallama da amsa, sallama da amsa, sallama da amsa. Alhaji Nomau bai iya karanta boko ba, amma ya matso ya duba da kyau, kuma ya iya ƙirga uku.

"Ai gidajen na rushe su," in ji sadauki, da wata murya da ba ta kai ajin 'yan firamare ba. "Da suka yi shiru na goge su."

"Manhajar ka goge, Baba. Ita ƙofa ce kawai. Akwatinka yana can inda yake, amsoshin ma suna ciki har yanzu. Ko ta wayar wani ka shiga za ka same su." Ta ga yadda fuskarsa ta koma, sai ta sassauta. "Za a sake buɗe wani zagayen, kuma na farkon aikowa ake fara dubawa. Kowane gidan ka ga dama yi amfani da shi, duk suna kawowa. Ka dai turo takardun."

Wani daga cikin mutanen Tudun Makera ya yi tari irin na Barmo, amma ba wanda ya gudu.

Washegari ƙungiya ta zauna don karɓe jakar sakatare kamar yadda aka yi alkawari, aka tashi neman magaji, sai aka tuna cewa har yanzu babbar waya ɗaya ce a ƙungiyar, kuma a aljihun wanda ake son tsigewa take. Aka mayar masa da jakarsa, bisa sharaɗin ya hau tudu yanzu-yanzu, shugaba na biye da shi.

Haka sadauki ɗan sadaukai ya sake hawa fagen fama, ba laima, ba buta, Alhaji Nomau na bayansa kamar mai kora saniya kasuwa. Ya kutsa hanjin waya, ya kwance sarkin Gidan Ja daga mari, tambarin ya dawo wurinsa ba ko ƙwarzane. Ya buɗe. Ga amsar nan a sama, ta yi watanni tana jiransa: Wa alaikumus salam, Baba. Aiko da takardun.

Malam Haladu ya karanta ta sau biyu. Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, domin ashe matar 'yar mutunci ce, ta san sallama, ta san Baba. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa mai nauyin takobi, ya yi rubutu a tsanake, ya tura, ya nemi dutse ya zauna.

"An tura?" in ji Alhaji Nomau.

"An tura, Alhaji."

"Takardun da hotunan?"

"Na ce mata ina wuni, ya gajiyar taro, ya ta koma gida." Ya ɗora wayar a gwiwa ya zuba mata ido. "Da ta amsa sai in tambayi iyali."